Fatata Ba Ta Yi Ja Ba

Assalamu alaikum. Ni malamar firamare ce a nan cikin garin Sakkwato, muna zaune a Mabera da maigidana da 'ya'yanmu biyar. A daminar 2022 na ji ƙullutu a mamana na hagu ina cikin wanka. Abin da ya biyo baya duk matar da ta bi wannan hanya ta san shi: wata biyu ina ɓoyewa, ana tofi ana shan rubutu, daga baya asibiti, aka ɗebi tsoka aka kai ɗakin gwaji, sannan likita ya ce a kira masa maigida. Sankarar mama ce. A watan Oktoba aka cire maman gaba ɗaya tare da kaluluwar hammata. Na sha kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, sau shida, sumata ta zube, farcena suka yi baƙi, abinci ya koma kamar ƙasa a bakina. Allah cikin ikonsa ya fitar da ni.

Duk wannan ba shi ya zaunar da ni rubutu ba. Matakin ƙarshe nake so in ba da labarinsa, wanda kowa ya ce mini shi ne mafi sauƙi, wato gashi, inda ake gasa wurin cutar da na'ura.

Sunan ne ke tsorata mutane. Innata da ta ji an ce za a gasa ni, kwana biyu ta yi ba ta sa komai a bakinta ba, a zatonta ƙarfe za a ɗora a wuta. Alhali ba ka ganin komai, ba ka jin komai. Wani haske ne mai ƙarfi da ido ba ya gani, ɗan'uwan wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi, ana auna shi a harba daidai inda ake tsoron ɓurɓushin cutar ya saura. Kafin a fara sai da aka sa ni cikin na'urar hoto, aka zana mini layuka a ƙirji da tawada, aka ce ko wanka zan yi kada in goge su. Likita ya rubuta mini zama 25, Litinin zuwa Juma'a, sati biyar, kowace rana awo 2 na ma'aunin da suke kira Gray, jimla 50. Wasu matan da muke layi tare zama 15 aka rubuta musu, kowacce da yadda aka tsara mata.

Na fara a tsakiyar Maris na 2023, lokacin da takardar kuɗi ta yi wuya har kuɗin kabu-kabu sai an yi da gaske. Ki kwanta rigingine, ki ɗaga hannu sama da kai ki riƙe wani ƙarfe, su daidaita layukan tawadar da wani siririn haske, su fita su ja ƙofa mai kauri. Injin ya kewaya ki yana ƙara ƙasa-ƙasa. Minti kaɗan an gama, sa riga ma ya fi ɗaukar lokaci. A wasu ranaku sukan shimfiɗa mini wani abu mai laushi da sanyi, kamar faifan roba, a kan tabon. Da na tambaya, ma'aikacin ya ce wannan hasken ratsa fata yake yi ya fi ƙarfi a can ciki, to ga wadda aka cire wa mama ana so fatar ita ma ta samu cikakken rabonta, saboda cutar takan nemi dawowa ta bakin tabo. Na ji bayanin, na ce to. Ban kawo a raina cewa fatar da aka ƙara wa rabo ita za ta fi shan wuya ba.

Duk ranar Alhamis akan duba mu. Sista mace ce mai kirki, tana fama da mu fiye da talatin a yini, ga takarda a hannunta tana cikewa.

"Malama, wurin ya yi ja?"

"A'a Sista, bai yi ba."

"Ƙaiƙayi fa? Ya fashe?"

"Babu, alhamdulillahi."

Ta ɗaga mayafina ta duba, ta rubuta, in tashi wata ta zauna. Kuma gaskiya na faɗa mata. Ni baƙa ce, irin baƙin gidanmu mai sheƙi. Tun da nake a duniya ban taɓa ganin fatata ta yi ja ba, ko ranar da kunama ta harbe ni ina yarinya kumburi kawai aka gani. Tambayar da ke kan takardar ba ta da wurin zama a jikina.

Abin da nake ji kuma ba a tambaye ni ba, ni ma ban ɗauke shi abin faɗa ba. Tun ƙarshen satin farko, in dare ya yi sai in ji ɓangaren hagu yana fitar da ɗumi. Duk ɗan Sakkwato ya san bangon ɗaki na yamma a watan Afrilu, wanda ya wuni yana shan rana, in ka jingina da shi ƙarfe goma na dare sai ka ji yana mayar maka da ita. Haka ƙirjina ya koma. Amma wa zan ce wa ina jin zafi a garin da ma'auni ke wuce 40 da rana? Kowa zafi yake ji. Sai na bar shi a kan bazara ce.

Akwai kuma abin da na ƙara wa kaina, wanda nake so mata su ji da kyau. Tun da aka yi mini aiki ba na fita sai na cusa ɗankwali a cikin rigar mama ta ɓangaren hagu, na ɗaure ta tamau don kada ta zame, na ɗora hijabi mai santsi irin wanda ba ya shan gumi. Ba na so a kalle ni a ce ga wadda aka yanke wa mama. A haka nake hawa kabu-kabu cikin rana zuwa asibiti, in cire a ɗakin gashi, in mayar in dawo gida. Bakin rigar yana zaune daidai inda tabon ya ƙare a cikin hammata, gumi na taruwa a wurin, kowane ramin hanya sai ya goga. An faɗa mana tun ranar farko mu sa kayan auduga masu yalwa. Na ji, kunya ce ta fi ƙarfina.

Maigidana sana'arsa haɗa sola da inbata. Yana da wata 'yar kyamara da ba ta fi kwalin ashana ba, yana maƙala ta a gindin wayarsa. Ba ta ɗaukar kamannin mutum, zafin abu take ɗauka, irin wadda aka riƙa nuna wa matafiya a filin jirgi lokacin korona. Wuri mai sanyi ya fito shuɗi, mai ɗumi ruwan lemo, mai zafi sosai fari tas. Da ita yake gano wayar wuta ko kan batir da ya fara ɗaukar zafi tun kafin ya ƙone gidan mutane. Yakan ce waya ba ta kamawa da wuta rana ɗaya, sai ta yi kwanaki tana gargaɗi, mutane ne ba su da idon gani.

Ranar Asabar 18 ga Maris, ranar zaɓen gwamna, ba zirga-zirga, yana gida. Bayan la'asar ya zauna yana yi wa yara wasa da ita: su dafa bango su ɗauke hannu, sai ga shatin yatsunsu biyar ya saura a fuskar wayar yana dushewa a hankali. Suna ta ihu. Autata ta karɓa tana bin kowa, ta zo kaina ina tsince shinkafa da ɗaurin ƙirji da ɗan mayafi a kafaɗa ɗaya.

"Baba, dubi wuyan Mama, gefe ɗaya ya fi haske."

Ya karɓi wayar ya duba, ya yi shiru, ya ce su je su yi alwala.

Da dare bayan yara sun kwanta ya ce, "Malama, ki bari in duba wurin da wannan abin."

Wata biyar ke nan da aikin, ban bar shi ya ga ƙirjina ba ko sau ɗaya. Ɗiyata ta fari ke taimaka mini da wanka da wanke ciwo. Shi kuma bai taɓa matsa mini ba, Allah ya saka masa. Na ce masa ba zan iya ba. Ya ce ai ita wannan ba ta buƙatar fitila, a cikin duhu ma tana gani. Ya tashi ya kashe ƙwai, ya zauna a bakin gado ya juya fuskarsa ga wayar kawai. Na jima ina riƙe da zanen kafin in sake shi.

Haka mijina ya fara ganin abin da ya saura a jikina, cikin launuka, a duhu. Ni ma na leƙa. Ga kafaɗuna biyu, ga maman dama ya fito da ɗan sanyinsa, ga hagu a shafe, tabon ya ratsa kamar zare. Ɓangaren hagun ya fi haske kaɗan, amma can cikin hammata, inda tabon ya ƙare, akwai wani wuri kamar faɗin kwabo da ya fi ko'ina. Ya ce in ɗaga hannun dama ya gwada, don hammata dama can wurin ɗumi ce. Ta hagu ta fi ta dama da ɗigo shida na awon zafi ɗaya, 0.6. Ya ɗauko littafin da yake rubuta awon batira ya rubuta kwanan wata da lambar. Na yi kuka a daren nan, shi ma na ji muryarsa ta canja, amma ba mu ce wa juna komai ba.

Daga nan ya mayar da shi aikin kowace Asabar. Da yake ya saba da awo, ya ce sai dai a yi shi lokaci ɗaya, wuri ɗaya, in ba haka ba lambar ƙarya za ta ba mu. Azumi ya kama ranar 23 ga wata, sai muka tsayar da bayan sallar asuba, a ɗaki ɗaya, a kashe fanka, in zauna kamar minti goma sha biyar wurin a buɗe kafin ya ɗauka. Asabar ta biyu bambancin ya zama 1.1. Ta uku 1.8, kuma a ranar ne na ga abin da ya ba ni tsoro: hasken ya yi kusurwa huɗu a ƙirjina, gefensa a miƙe kamar an ja shi da rula, daidai kan layukan tawadar asibiti. Ta huɗu ya haura 2, wurin nan na hammata ya koma fari.

Ya ce, "Da waya ce, da tuni na kashe layin. Ki bari mu nuna wa likita."

Na ce, "Malam, hoton ƙirjina zan miƙa wa wani namiji a waya? Don girman Allah ka bar shi tsakaninmu."

Ya bar shi. Har yau yana cewa wannan ce biyayyar da ya yi mini wadda yake nadama. Ni ce na hana, laifin nawa ne.

A idon mutum kuwa, sai cikin sati na uku fatar ta fara nuna wani abu. Ta ƙara duhu, ta daina sheƙi, ta fara ƙaiƙayi. A na huɗu ta bushe tana ɓarewa fari-fari kamar ƙafar yaro da hunturu. A nan ne na faɗa wa Sista, ta ba ni man shafawa, ta sake ja mini kunne kan sutura. Na rage ɗaurin, amma ban daina ba.

Akwai wata dattijuwa daga wajen Illela da muke zama benci ɗaya, Gwaggo nake ce mata. Ta riga ni farawa da sati ɗaya. Nata wurin ya fashe tun tana cikin na huɗu. Ashe a masauki jikarta na gasa mata shi da tsumma da ruwan zafi, kamar yadda ake yi wa mai jego, ana bi da man shanu. Wata safiya ta kama hannuna ta ce, "Ɗiyata, wanga abu wuta ta, ba su hwaɗa muna gaskiya. Ni kam na gaji, gida za ni." Na ba ta baki, na ce saura zama biyar kawai, ta daure. Washegari bencin ba kowa a wurinta. Ban sake ganinta ba, kuma ba ni da lambar kowa nata. Ta sayar da tumakinta ta zo, ta yi zama ashirin, ƙunar fata ta kore ta ana saura kaɗan. Ina yi mata addu'a duk sanda na tuna ta, kuma saboda ita ne ba na yarda a ce mini matsalar fata ƙaramar magana ce.

Na gama zamana na 25 ranar Talata, saura kwana uku Sallah. Na yi sujada a gida, na raba wa maƙwabta dabino, a raina an gama. Ranar Juma'a 21 ga Afrilu aka yi Sallah. Na sa sabuwar atamfa da ba a ko wanke ta ba, na koma ga ɗankwalina da ɗaurina, na wuni ina karɓar 'yan barka da Sallah da masu yi mini barka da arziki, ina shiga madafa ina fita. Da dare na zo cire riga ta ƙi fita. Ta manne a hammata. Ɗiyata ta tafasa ruwa da ɗan gishiri ta bar shi ya huce, ta riƙa ɗiga shi a hankali har rigar ta saki. Fatar ta biyo ta. Abin da ke ƙasa ɗanye ne, yana tsattsafo da ruwa, faɗinsa ya kai tafin hannun yaro.

Ranar na ga ja a jikina.

Ba zan iya kwatanta raɗaɗin gumi a kan wannan wuri ba. Na kwana a zaune hannuna a ɗage kan matashi. Da safe Innata ta zo da shawarwari, a sa toka, a sa man shanu, a nemo garin wane magani. Maigida ya durƙusa ya ce, "Inna, ki yi haƙuri, ba abin da za a sa sai wanda likita ya ce." Ta ji haushi, amma ta bari. Da hutun Sallah ya ƙare ranar Talata muka koma asibiti.

Abin da na fara tambaya shi ne, ta yaya abu zai fashe bayan an daina? Likitan, wani matashi mai natsuwa, ya yi mini bayanin da na so a ce tun farko na ji shi. Fata hawa-hawa ce. Ta sama kullum tana mutuwa tana zubewa ba mu sani ba, ta can ƙasa kuma tana haifar sabuwa tana turowa, sai ta yi makonni kafin ta iso sama. Hasken gashi ya fi cutar da ƙwayoyin da ke cikin haihuwa, shi ya sa yake kashe sankara, shi ya sa kuma yake taɓa wannan hawa na ƙasa. Ni da nake koyar da yara sai na fahimce shi da gona da rumbu. An ƙone gonar tun tuni, amma gida na ci daga rumbu ba wanda ya lura, sai ranar da aka sa hannu aka ji ƙasa. Ya ce shi ya sa abin ya fi tsanani a sati ɗaya zuwa biyu bayan an kammala, kuma ya fi kama inda fata ke haɗuwa tana goga juna, kamar hammata da ƙarƙashin mama, musamman ga mai jiki ko mai ciwon suga. Kafin a kai ga haka, jiki na aika jini da yawa wurin don gyara, hanyoyin jini su buɗe. Wannan jinin ne ke bayyana ja a jikin farar mace. Shi ne kuma ɗumin da nake ji.

A nan maigida ya kalle ni, na sunkuyar da kai na ce ya nuna masa.

Likitan ya jima yana bin hotunan ɗaya bayan ɗaya, yana duba lambobin littafin. Ya kira Sista ta buɗe ciwon, ya riƙe wayar kusa da shi. Farin wurin nan na hoton Asabar ta farko, shi ne tsakiyar inda ya fashe bayan sati biyar.

"Hajiya, me ya sa ba ku nuna mini wannan ba?"

Ban da amsa sai hawaye.

Bai ruɗe mu ba. Ya ce duk fatar da ake gasawa takan ɗauki ɗumi, kuma tiyata ita kanta tana canja ɗumin wuri, don haka hoto ɗaya ba hujja ba ne. Ga shi ba mu da hoton kafin a fara, wanda da shi ake kwatanta sauran. Amma ya ce abin da maigidana ya yi da hankalinsa na mai gyaran wuta, shi masana ke bincike a kai yanzu. Ya ba mu misali da asibitin Sunnybrook da ke Toronto a Kanada, inda a 2020 aka fitar da sakamakon wani bincike kan mata 90 masu gashin mama. An riƙa ɗaukar hoton zafin fatarsu tun kafin a fara da kuma lokacin da ake yi, aka ba kwamfuta ta koyi bambancin. Ba yawan zafin kaɗai take dubawa ba, har da yadda ya bazu a kan fatar. Aka ga tun daga zama na biyar akwai alamun da ke rarrabe wadda fatarta za ta sha wuya da wadda za ta wuce da sauƙi. Zama na biyar, wato Juma'ar satin farko. Ni ranar Asabar ɗin da ta biyo ta autata ta ce wuyana ya fi haske.

Ya ce abin yana matakin bincike, bai zama aikin yau da kullum a asibitoci ba, kuma kyamarorin da suke amfani da su sun fi ta maigidana inganci. Na tambaye shi, to ko an sani tun da wuri, me za a yi, tun da ba za a fasa gashin ba? Ya ce ba za a fasa ba kam, tsayar da shi ya fi ƙunar haɗari. Amma wadda aka san fatarta na cikin haɗari ana iya fara mata man da ke kwantar da kumburi irin su mometasone tun da wuri, akwai kuma wata siririyar leda ta asibiti mai suna Mepitel Film da ake mannawa ta hana guga, ana iya duba ta sau biyu a sati maimakon sau ɗaya, likita ma ya sake nazarin yawan ranakun da za a shimfiɗa faifan robar nan. Ni kuwa a raina na ce, da an nuna mini wannan farin wuri an ce Malama, nan zai fashe in ba ki cire ɗaurin nan ba, wallahi da na cire shi a ranar. Gargaɗin da aka yi wa mata talatin a tare daban yake da wanda aka nuna miki a jikinki.

Maganar da ta fi zauna mini ita ce ta launi. Ma'aunin da likitocin duniya ke bi wajen auna ƙunar gashi, matakinsa na farko ɗan ja-ja ne ko bushewar fata. A jikin Baturiya wannan ja tun daga nesa ake ganinsa. A jikinmu baƙin fata yana rufe shi, sai dai wurin ya ƙara duhu, shi ma sai mai lura sosai, a ɗaki mai haske. Shi ya sa sau da yawa ba a gane tamu sai ta yi nisa. Kyamarar zafi kuwa ba ruwanta da launi, domin baƙar fata da fara kusan daidai suke fitar da zafinsu. A ganina wannan bincike mu ya fi shafa fiye da waɗanda suka fara shi. Ina roƙon likitocinmu da malaman jami'o'inmu na Arewa su gwada shi a kan irin fatarmu, a cikin irin zafinmu, don awon da aka yi a ƙasar ƙanƙara ba lalle ya zauna daidai a Sakkwato cikin Afrilu ba. Kyamarar da maigidana ke aiki da ita ba ta kai kuɗin sabon babur ba. In an zo neman matan da za su ba da kansu a gwada, ni da na hana a ga hotona, ni zan fara rubuta suna.

Sai dai akwai abin da likitan ya ja mini kunne a kai, ni ma zan ja wa 'yan'uwana mata. Wannan kyamara ba ta gano sankara. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sha gargaɗi cewa hoton zafi ba ya maye gurbin hoton mama na asibiti. Kada wani ya buɗe shago ya nuna miki launuka ya ce ba ki da komai, ko ya ce ga cuta nan ki sayi maganinsa. In kin ji ƙullutu, asibiti za ki, kuma kada ki yi wata biyun da na yi.

Ciwon ya ɗauke ni kusan sati uku ana wanke shi ana rufewa da bandejin da ba ya mannewa. Na koyi wanka da ruwa mai ɗan ɗumi da sabulu marar ƙamshi, ba soso, ba guga, sai dai in dafa tawul a hankali. Na ajiye turare da hoda daga wannan ɓangare. Maigida ya je kasuwa ya sayo mini yadin auduga mai laushi, tela ta ɗinka mini riguna uku masu faɗin hannu, na zauna a gida babu ɗankwali babu ɗauri, har na saba da ganin kaina haka. Fatar ta fara tsirowa daga gefe-gefe, fara sol da farko, daga baya ta rine. Azumin da na sha na rama shi da hunturu. Yanzu wurin ya fi sauran jikina duhu, ba ya yin gumi sosai, kullum sai na shafa masa mai, kuma ba na barin rana ta taɓa shi. Na koma aji. Hotunan suna nan a wayar Malam, a tsakiyar hotunan batira da wayoyin wutar gidajen mutane, ya sa musu makulli.

Ina komawa asibiti a duba ni lokaci-lokaci, kuma in na je nakan wuce ta wajen bencin masu gashi in zauna kaɗan. Zuwan da na yi na baya na tarar da wata yarinya daga Bodinga, ba za ta wuce shekara talatin ba, baƙa kamar ni, tana rungume da jakarta a ƙirji. Na gaishe ta, na tambaye ta zama nawa ta yi, ta ce bakwai. Na ce in dare ya yi ta taɓa sa bayan hannunta a wurin, sannan ta sa a ɗaya ɓangaren? Ta ɗago ta kalle ni.

"Yaya, ɗumi shi kai sosai. Na ɗauka zahin gari na."

Na ce mata me ta sa a ƙarƙashin hijabin. Ta yi shiru ta sunkuyar da kai. Na ce ta ba ni jakar in riƙe mata, na kama hannunta muka nufi teburin Sista.